Laimata Ta Zauna a Dahome

Tun da na dawo daga ƙetaren iyaka ban samu zama a dakalin wanzami cikin kwanciyar rai ba. Da na ajiye takalmi sai wani ya matso ya ce, "Malam Buhari, wai ƙaƙa Dahome take?" Kafin in buɗe baki wani ya ce, "Bar batun Dahome, ina laima?" Na ba da labarin har ya tsufa a bakina, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Wasu sun ce masu tsaron iyaka ne suka ƙwace ta, wasu sun ce Kwara ta cinye ta, har wani marar kunya ya ce na sayar na ci burodi. Shi ya sa na zauna in tsara shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan koli ne a kasuwar Bagudo: allura, zare, madubi, kwalli da turare. Ban tara dukiya ba, kuma ban ga alamar zan tara ba. Abu biyu nake ji da su a duniya. Na farko magana. In Bafillace ko Bazabarme ya tsaya gaban tabarmata ya saki wata kalma da ban taɓa ji ba, sai in yini ina juya ta a baki kamar goro, ciniki ma ya jira. Na biyu laimata. Baƙa ce, mai mariƙin katako lanƙwasasshe, na saye ta a Jega hannun wani falke da ya dawo daga Kumasi. In na buɗe ta takan ce "fat", mahauta su ɗago kai su san Buhari ya fito. A garin nan, ban da ta hakimi, babu irinta, kuma tasa ɗauka ake yi masa, ni kuwa da hannuna nake jin daɗin tawa.

Abin da ya tashe ni daga ƙarƙashinta shi ne ƙanena Garba kafinta. Matarsa Bibata Badenda ce, daga wani ƙauye can gaba da Lolo, a ɓangaren Faransa. Cikin damina aka aiko mahaifiyarta ta rasu, ta goya 'yarta Ige ta tafi. Ya kamata wani daga gidanmu ya bi bayanta gaisuwa, to amma Garba ya karɓi aikin bencina na bikin samun mulkin kai, ni kuma kasuwa ta kama. Muka ba wani mai fataucin kifi goro ya kai, muka ce ai niyya ita ce babba. Aka yi sadakar arba'in, aka yi biki, manya suka zauna a kan bencinan Garba suka tashi, Bibata ba ta dawo ba. Daga baya sai labari ya zo cewa mahaifinta, Baba Zakari, ya ce da ya kai gero rumbu zai nemi alƙali ya raba auren.

Innarmu ta daina taɓa tuwo. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Buhari, shekara da shekaru kana cika muna kunne da magana. To ga ranatta ta zo. Tahi ka maido mani jikata." Na ce an gama. A raina ma har na ɗan ji tausayin tsohon, don bai san wanda aka tura masa ba. Na sa babbar riga, na ɗaure goro, na ɗauki laima.

Daga Bagudo zuwa bakin ruwa a Tuga na yi tafiyar ina tsara jawabi. Na buɗe shi da zumunci, na bi ta haƙuri, na tanadi karin magana a kowace kusurwa, na ajiye kukan Inna a ƙarshe don shi ne zai karya zuciya. Kwara ta cika ta batse. Mai jirgin wani Basarke ne siriri, irin masuntan kogin nan, wanda ba ya kallon mutum sai ruwa. Da muka kai tsakiya na ga ga kunne a banza, sai na gwada masa jawabin tun daga farko. Ya saurara yana tuƙi. Da na kai aya na tambaye shi yadda ya ji, ya ce, "Malam, matsa hagu kaɗan, jirgi ya karkata."

Kafin mu kai gaci hadarin ƙarshen damina ya taso, aka saki ruwa. Na yi maza na naɗe laimar na cusa ta cikin riga na rungume. Sai a lokacin Basarken ya dube ni da kyau. Ya ce, "Wagga aba mi ta ka yi, in ba ta tare ruwa?" Na ce masa ruwa yana kashe mata launi. Ya jinjina kai ya ce ya daɗe yana ƙetarar da mutane, bai taɓa ƙetarar da bawan laima ba. Na ji zafin maganar, amma gaskiya ta yi daɗi a kunne, har na riƙe ta. Na sauka a jiƙe sharkaf, laima kuwa ko ɗigo.

A Illo na kwana gidan fatoma, mai saukar da fatake. Mutanen Illo sukan fara zance da Hausa, su ratsa Dendanci, su rufe da Fillanci, duk a numfashi ɗaya, kuma ba wanda ya ɓace sai baƙo. Matar gidan ta aiko da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, wadda har yau in na tuna sai na haɗiyi yawu. Ɗakin da aka ba ni kuwa tare da kwandunan bandar kifi muka raba shi. Ni mai sayar da turare, na tashi da safe kuliyoyin unguwa suna raka ni.

Fatoman ya tambaye ni abin da nake kai wa surukan. Na ce magana. Ya ce, "Magana ɗai?" Na ce da goro. Ya gyara zama ya ce, "To Dendawa hwa, in ana biko, suna da wata al'ada…" Daidai nan wani mai albasa ya shigo yana faɗa da jakinsa, ya kira shi da wata kalma da ban taɓa ji ba, na tashi na bi shi in ji ma'anarta. Kalmar ta cancanci a tashi, sai dai ba ta rubutuwa. Da na dawo fatoma ya shiga lissafi da baƙinsa, ni ma ban sake tambaya ba.

Masu tambayata yadda iyaka take, ku yi haƙuri, babu abin gani. Na zaci ganuwa ko aƙalla rami. Gaba da Lolo sai ga wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da bukka, da tuta sabuwa fil a kan gora, don mutanen Dahome su ma sun samu nasu mulkin kan, har sun riga mu. Geron da ke wannan gefen shi ne a wancan gefen, akuya kuwa tana shiga tana fita ba mai ce mata kanzil. Mutum ne kaɗai ke jira. Na tarar da mata masu kanwa zaune a gindin tsamiya, suka ce duwan yana barci. Duwan shi ne mai binciken kaya a wajensu, barcin kuma suna da sunansa, wai siyas, kuma doka ce: daga rana tsaka sai ta karkata ba a aiki. A wajenmu ma'aikaci ɓoyewa yake yi ya yi gyangyaɗi, su kuwa gwamnati ce ta yanka musu. Na ce lalle waɗannan sun fi mu gane mulkin kai.

Da ya tashi ya fito da gajeren wando da hula mai baki, ya yi mini Faransanci mai tsawo. Da ya ga ba ya shiga, sai ya juya Hausa garau irin ta Gaya ta bakin Kwara. Ya shinshina goron, ya shinshina ni, ya tambaya ko kifi na ɓoye. Sannan ya karɓi laimar, ya buɗe ta ce "fat", ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce kai, wannan tana da kyau.

A nan sai in bayyana wani abu, ko da yake duk ɗan Bagudo ya san shi. A wajenmu in mutum ya yaba kayanka, ladabi shi ne ka ce masa, "Naka na." Shi kuma ya ce, "A'a, Allah shi ƙara, hannunka ya hi kyau." Ka bayar, ya mayar, kowa ya ji daɗi, kaya bai motsa ba. Ni a duk gaisuwar Hausa babu wadda nake so kamar wannan, don mutum yakan yi kyauta sau goma a yini bai yi asarar ko allura ba. Amma ban haukace ba, na san ba a faɗa wa mai kaki haka. Na ja bakina na yi shiru har ya miƙo mini abata.

Da na shiga ƙasarsu abu na farko da ya same ni keke ne. Su dama suke bi, mu hagu. Na hango mai keke da kwandon burodi, na kauce masa irin kaucewar gida, shi ma ya kauce irin ta gidansu, muka haɗu. Ya tashi yana cewa "dusuma, dusuma", wato a hankali, kalma mai laushi da ban ga dalilin ajiye ta sai bayan an faɗi ba. Don a rabu lafiya na sayi burodi ɗaya. Dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi, cikinsa rabi iska. Wannan shi ne burodin da ake cewa na sayar da laima a kansa.

Na isa gidan surukan da la'asar. Kalmar da ta tare ni ita ce "fofo". Da ita suke sannu, da ita suke godiya, da ita suke jaje, kalma ɗaya tana aikin da mu muke ɗaukar goma. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Baba Zakari dattijo ne gajere mai farin gemu, yana zaune ya miƙe ƙafa yana tufka igiyar rama. Muka gaisa, na yi masa gaisuwar rashi, na ajiye goro. Bai taɓa goron ba.

Sai na saki jawabi. Ba yabon kai ba, ban taɓa magana irin ta ranar ba. Na ce zumunci a ƙafa yake, ko da yake da na faɗa na ji kamar ban zaɓi wuri mai kyau ba. Na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na kawo kukan Inna a daidai inda na tanada, har muryata ta yi rawa da kanta. Tsohon ya saurara bai katse ni ba, hannunsa bai bar tufka ba. Da na gama ya ce, "To." Na jira sauran, babu saura. Sai dai na lura yana duban hulata, ya dubi zoben hannuna, ya dubi tabarmar da ke tsakaninmu. Na ɗauka warin kifin ne. Na sake ɗauko jawabin ta wata hanya, ya sake cewa, "To."

Gab da magariba Bibata ta fito gaishe ni. Ta rame. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, an zo lahiya? Ina Inna?" Na miƙa hannu in karɓi Ige, yarinyar ta dube ni ta ɓoye fuska a bayan uwarta. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata, don a cinyata aka yi mata aski ranar suna. Na fara ba Bibata haƙuri, ina cewa Garba aiki ne ya riƙe shi, ni kuma kasuwa. Ta ce, "Na sani, Yaya. Ban ce kun yi laihi ba. Kowa da abin da ba shi iya bari." Ta tashi ta koma ciki. 

Muka yi sallah muka dawo zaure. Na jingine laimar a bango, ina tunanin me zan gaya wa Inna. Sai Baba Zakari ya ajiye igiya, ya nuna ta da haɓa ya ce, "Malam, laimag ga taka tana da kyau." Ai sabo turken wawa. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, "Taka ta, Baba." Na yi murmushi ina jiran amsar da kowa ya sani. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ce "fofo", ya tashi ya shige gida da ita.

An kawo tuwo da miyar yakuwa, an ce har da zabo a ciki, ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba. Na kwanta ina kallon wurin da take jingine ɗazu. Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan kwanciyar ban tuna Ige ba, ban tuna Inna ba. Dabarar da zan karɓo kayata ba tare da na zubar da girma ba kawai nake nema, har na tsara wani sabon jawabi a kan haka.

Da safe ina fitowa sai na ga ƙullin kaya a ƙofar zaure, Bibata tsaye kusa da shi da goyo. Baba Zakari ya fito riƙe da laimar, ga goron ya fasa yana ci. Ya ce, "Malam, jiya ka wahal da ni. Wurinmu mai biko ba magana shi ka yi ba. Abin jikinai shi ka ajewa gaban uban ɗiya, ko hula ko zobe, a kwana da shi. In an karɓa, an shirya. Na dubi hulakka har wuyana yag gaji, kai ko kana ta karin magana. Da nig ga za mu kwana hakanan, shi na nit taimake ka." Ya miƙo mini ita da hannu biyu. "Ta kwana, ta yi aikinta. Al'ada ta ce a maida ma mai ita. Amshi abinka."

Ashe abin da fatoman Illo ya so gaya mini ke nan. Ga laimata, ga matar ƙanena, ga Ige, duk a arha, kuma ba wanda zai ce na yi abin kunya. Har hannuna ya tashi. Sai na dubi Bibata. Ba ta ɗauki kayanta ba, ba ta ko sunkuya ba, gammo yana hannunta, hannuna take kallo. Shekara uku tana share ɗakin da nake rataye laimar nan, ta san ko Garba ban taɓa ara wa ba.

Na mayar da hannuna cikin riga, don ban amince da shi ba. Na ce, "Baba, ta biko ta ƙare. Wagga ta gaisuwa ta, wadda ba mu zo ba." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma shi ne jawabi mafi gajarta da na taɓa yi. Tsohon ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ka tabbata? Rana na da zahi hanya." Na ce na tabbata, alhali ban tabbata ba. Bibata ta ɗora gammo, ta sunkuya, na kama mata kayan ta aza a kai.

Rana kuwa ta yi zafi, tsohon bai yi ƙarya ba. Muka wuce gonakin gero, ina gaba Bibata tana baya, zufa tana bin wuyana. Sau ɗaya na waiwaya, na hango baƙin abu a buɗe a ƙofar gidan, ban sake waiwayawa ba. Sai da muka kusa farin dutsen nan ta yi magana. Ta ce, "Yaya, ta jiya na san bakinka na yab ba da. Duk Bagudo haka ku ka yi." Na ce to. Ta ce, "Da ka amshe ta yau, da na biyo ka, don Baba ya riga ya ce in tahi. Amma da ƙahwata ɗai za ta zo."

To ga inda laimata take, masu tambaya. Yanzu malfa nake sawa a kasuwa kamar kowa, mahauta ba su sanin na fito sai na yi musu sallama. Ina kewar ta, musamman da hantsi, kuma duk wanda ya ce mini ai abin duniya ne, shi bai taɓa mallakar irinta ba. Ranar da muka iso, Inna tana zaune a ƙofar ɗaki da kwanon tuwo a rufe gabanta. Bibata ta kwance goyo ta ɗora mata Ige a cinya. Inna ba ta ce mini sannu da hanya ba, ba ta tambayi laima ba. Ta jawo kwanon da hannu ɗaya, ta buɗe, ta ce a kawo mata ruwan wanke hannu.